Ƙididdiga a zaure: makonni tara da 'yan probatuwar na unguwar Hausare

Azumin 2025 ya kama mu a watan Maris, lokacin da zafin Garwa, a arewacin Kamaru, yake kan ganiyarsa. Wani dare bayan asham, maƙwabcina mai shagon atamfa a babbar kasuwa ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. 'Yarsa tana ajin piramiyar, wato aji na shida na sakandare, watan Yuni za ta zauna jarrabawar probatuwar ta ƙarshen wannan ajin, kuma tun da aka shiga shekarar makinta na lissafi bai taɓa haura 7 cikin 20 ba. Ya ce mini, "Malam, yarinyar nan ita ke riƙe mini littafin bashi. Ko dala ba ta taɓa ɓace mata ba. Yaya kuma za a ce mini a makaranta ba ta iya lissafi ba?"

Na yi masa alkawarin zan duba ta bayan Sallah. Kafin Sallar ta zo magana ta zaga unguwa, yarinya ɗaya ta zama yara 14. Na rubuta yadda muka yi da su, daga makon farko na Afrilu zuwa farkon Yuni, saboda 'yan'uwana malamai da masu ba da darasin yamma a Garwa da Marwa da Ngawundare, waɗanda nake kyautata zaton suna fama da irin abin da na tarar.

Yaran da jarrabawar

A ɓangaren Faransanci na tsarin karatun Kamaru sakandare shekara 7 ce. A shekara ta huɗu ana zana jarrabawar BEPC, a ta shida, wato piramiyar, ana zana probatuwar, a ta bakwai kuma, wato tarminal, jarrabawar bak ta kammala sakandare. Wanda ya faɗi probatuwar ba zai taka ajin tarminal ba, sai ya maimaita shekara. Hukumar OBC da ke Yawunde ce ke shirya jarrabawar, kuma takardar da ɗan Duwala zai gani ita ɗan Garwa zai gani. Ƙididdiga, wadda yara ke kira istatistik, ba ta da takardarta daban, yanki ce a cikin takardar lissafi. Tun da aka kawo tsarin APC na auna iyawa, takardar ta kasu biyu. Kashin farko tambayoyi ne kai tsaye. Na biyu labari ne, a ba yaro matsalar wani manomi ko ɗan kasuwa, a ce ya warware ta ya rubuta hujjarsa.

Yarana mata 8 ne da maza 6, daga makarantun lise uku, wato na sakandare. Dukansu 'yan A4 ne, sashen adabi da harsuna, wasu na Larabci, wasu na Jamusanci ko Sifaniyanci. Da yawansu gudun lissafi ne ya kai su sashen. A gida Hausa suke yi, a titi da kasuwa Fulatanci, a makarantar allo Larabci, a lise Faransanci. Maƙwabcin nawa ya ba mu zaurensa, muka jingina katakon da aka shafa wa baƙin fenti ya zama allo. Muna haɗuwa Laraba bayan la'asar, tunda ranar ana tashi makaranta da wuri, da kuma Asabar da hantsi.

Da na ƙirga zaman da ya rage mana, 18 kacal, na san ba zan iya bin manhajar lissafi duka ba. Na ɗauki ƙididdiga ta zama gindin aikin. Ba ta buƙatar fiye da tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, sai tushen lamba sau ɗaya a ƙarshe, kuma 'ya'yan 'yan kasuwa suna da waɗannan a hannu. A tsofaffin takardun jarrabawar da na tara, da wuya ka ga shekarar da ba ta leƙo ba. Ga shi kuma babin yakan faɗo ne can wajen ƙarshen shekara, bayan bikin matasa na 11 ga Fabrairu ya ci nasa kwanakin, hutun Ista ya ci nasa, atisayen faretin 20 ga Mayu yana jiran nasa. Malami yakan zuba ƙa'idoji a allo, ya yi misali ɗaya, ya wuce. Ban ga laifin kowa ba. Na koyar a ajin da benci ɗaya ke ɗaukar yara huɗu cikin zafin Afrilu, na san yadda abin yake.

Ranar farko

Ban koyar da komai ba ranar. Na rubuta tambaya irin ta littafi, jadawalin nauyin buhuna da aka kasa rukuni-rukuni, na ce su nemo mwayen (matsakaici) da mediyan (lambar da ke tsakiyar jeri) da ekar-tip (ma'aunin yadda lambobi suka warwatsu), na koma gefe ina kallo. Kusan dukansu sun haddace ƙa'idojin. Wasu ma sun rubuta su a saman takarda tun kafin su karanta tambayar, kamar mai tsoron kada hadda ta zube. Da aka zo zuba lambobi sai aka rasa wacce za ta shiga ina. Wani yaro ya samo mwayen ɗin nauyin buhu kilo 412, alhali buhu mafi nauyi a jadawalin bai wuce kilo 100 ba. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsar ya miƙo mini. Mahaifin yaron nan masara yake sayarwa. Da a rumfarsu aka ce masa buhu ya kai kilo 412 da ya yi dariya, amma a kan takarda lambar ba ta da wata alaƙa da buhu a wurinsa.

Nan na samu rabin amsar tambayar maƙwabcina. 'Yarsa ba ta ɓata lissafin bashi domin ta san kowace lamba ta wane ce, ta san hajiyar da ta ɗauki turmi uku ba za a bi ta kuɗin turmi talatin ba. A makaranta kuwa lambobi ba su da mai su.

Lambobinsu na kansu

Na ajiye littafi. Na ce kowa ya faɗi minti nawa yake yi daga gida zuwa makaranta, ya kuma tambayo abokan ajinsa biyu. Zama na gaba suka kawo amsa 42. Biyu muka zubar, domin masu su sun ce ya danganta, sun ƙi tsayawa a kan lamba. Gardamar da aka yi kafin a zubar da su ita ce ƙididdiga ta farko da yaran suka yi da bakinsu: wanda yau ya hau mashin, gobe ya taka da ƙafa, wanne za a rubuta masa? Suka tsaya a kan abin da mutum ya fi yi. Sauran 40 ɗin su suka kasa su da kansu:

[0;10[ mutum 6
[10;20[ mutum 12
[20;30[ mutum 13
[30;40[ mutum 6
[40;50[ mutum 3

Tun a wurin kasawar aka ci karo da bakan nan na ƙarshen kowane rukuni, wato alamar [, mai kallon waje. Mutum uku sun ce minti 20 cif suke yi. Rukuni na biyu za su shiga ko na uku? Shekara da shekaru suna ganin [10;20[ a allo, ba wanda ya ɗauka bakan yana faɗin wani abu. Wata ɗaliba ce ta ce ai ya juya wa 20 baya ne, bai karɓe shi ba, sai ya ƙwanƙwasa ƙofar gaba. Daga ranar "ya juya masa baya" ya zama sunan abin, kuma ban sake ganin wanda ya yi wannan kuskuren ba.

Sai aka zo mwayen. Tsakiyar kowane rukuni ba ta ba su wahala ba: 5, 15, 25, 35, 45. Daga nan yara 11 suka tara lambobin biyar, suka samu 125, suka raba da 5, suka ce minti 25. Mutum 40 ɗin da suka sha wahalar tambayowa sun ɓace daga lissafin gaba ɗaya.

Ban ce musu sun yi kuskure ba. Na ce, a ce ka ci 8 a darasi mai kowefisiyan 4, wato lambar da ake ninka makin darasin da ita, ka ci 18 a mai kowefisiyan 1, nawa ne mwayen ɗinka? Ban rufe baki ba suka ce 10. Na ce ba 13 ba? Zauren ya kaure da bayani: 8 sau 4, 32, a haɗa da 18, 50, a raba da 5. Babu ɗan sakandare a Kamaru da bai iya wannan lissafin ba. Tun daga ajin farko da shi yake sanin ko zai wuce ko zai maimaita, kuma da yawa sukan yi shi a ka tun kafin bultan, takardar sakamakon zango, ya fito. Na ce musu to yawan mutanen da ke cikin rukuni shi ne kowefisiyan ɗin rukunin. Rukuni mai mutum 13 ya fi mai mutum 3 nauyi, kamar yadda Faransanci ya fi wasan motsa jiki nauyi a bultan ɗin ɗan A4. Aka yi shiru kaɗan, sai biro ya fara motsi: 30, 180, 325, 210, 135, jimla 880, a raba da 40, minti 22.

A ganina babu abin da ya kai wannan muhimmanci a duk makonni taran. Ƙa'idar da ke littafi, mai alamar sigma da ƙananan haruffa a gindi, ita ce dai lissafin bultan da suka shekara shida suna yi, ba wanda ya taɓa gaya musu abu ɗaya ne. Ni kaina na koyar da babin sau da dama a aji ban haɗa musu su ba, kuma abin ya tsaya mini a rai da na gane.

Ranar muka kafa doka: kafin ka taɓa kalkuleta, dubi jadawali ka rubuta a gefe inda kake zaton amsar za ta faɗa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wanda ya ga yawancin mutane sun taru tsakanin 10 da 30 ba zai yarda da amsar da ta ce 412 ba.

Kalmomi huɗu na Faransanci

Yaran suna jin Faransanci, da shi suke karatu tun firamare. Amma akwai wasu 'yan kalmomi da ke cinye musu maki a ɓoye: "moins de", "au moins", "plus de", "au plus". Na farko da na biyu duk "moins" ne a ciki, ma'anar kuwa gabas da yamma. A jadawalinmu "moins de 20 minutes" mutum 18 ne, 6 da 12. "Au moins 20 minutes" kuma mutum 22 ne, 13 da 6 da 3. Fiye da rabin yaran da sun ga "moins" sai su gangara ƙasa. Hausa ta rarrabe su a sarari: bai kai 20 ba, aƙalla 20, ya haura 20, bai wuce 20 ba. Muka mayar da shi abin buɗe zama. Minti biyar na farko nakan kira jimlar da Faransanci a kan shekarunsu ko yawan ƙannensu, wanda ta shafa ya ɗaga hannu, wani ya faɗi ma'anar da Hausa.

A mako na uku yayan ɗaya daga cikin yaran, ɗalibi a jami'ar Ngawundare da ya zo gida hutu, ya zauna a bakin zaure ya saurara. Da aka tashi ya ce mini cikin ladabi, "Malam, ka yi haƙuri, amma ranar jarrabawa ba mai yi musu Hausa." Na ce masa fahimta ce gaba, harshe zai biyo baya. Maganarsa ta dawo mini bayan mako uku.

Na tsakiyar sahu

Mediyan a tsakar gida muka fara shi. Suka yi sahu daga gajere zuwa dogo, muka nemi na tsakiya. Da yake su 14 ne, mutum biyu suka tsaya a tsakiyar, suka gane da kansu cewa sai an raba tsakaninsu. Na kawo misalin mutum biyar masu sefa 500, 500, 1000, 1000 da 2000 a aljihu. Mwayen 1000, mediyan 1000. Mai 2000 ya fita, wani alhaji mai dubu 50 ya shigo: mwayen ya tashi zuwa dubu 10 da 600, mediyan yana nan a 1000 bai motsa ba.

Asabar ta gaba 'yar maƙwabcina ta zo da lissafin da ba wanda ya sa ta. Ta kwashe basussukan shagon babanta, ba tare da sunaye ba, ta fitar da mwayen da mediyan. Mwayen ya ninka mediyan kusan sau uku, domin mutum biyu ne ke riƙe da mafi yawan kuɗin, sauran duk ƙananan basussuka ne. Ta ce ta nuna wa Baba, ya ce ai ya san mutum biyun, amma bai taɓa ganin abin a jere haka ba.

Inda muka sha wuya shi ne nemo mediyan a cikin jadawali mai rukuni. Tara adadi daga sama zuwa ƙasa ba komai ba ne: 6, 18, 31, 37, 40. Rabin 40 shi ne 20, kuma mutum na 20 yana rukuni na uku tunda 18 ne suka riga suka wuce. Nan kowa ya iso. Matakin gaba ne ya raba su. Na zana musu hanya a ƙasa mai tsawon minti 10, daga 20 zuwa 30, na jera tsakuwa 13 a kanta tazara ɗaya. Tsakuwa biyu muke buƙata mu cike 20. In tsakuwa 13 sun cinye minti 10, biyu nawa za su ci? Lissafin kwatance ne da suka koya tun firamare: 10 sau 2 a raba da 13, kusan 1,5. Mediyan ya zama minti 21,5.

Kusan rabinsu sun kama dalilin. Wasu sun haddace matakan suna yi daidai in tambayar ba ta sauya kama ba. Uku kuwa har muka rabu abin bai zauna musu ba. Su na ce kada su bar wurin fili: su rubuta layin tarin adadin, su faɗi rukunin da mediyan ke ciki, domin kowane mataki yana da nasa ɗan maki. Na so in koya musu hanyar zane, a ja layin tarin adadi a takarda mai ƙananan murabba'ai a karanto mediyan daga jikinsa, amma zama ɗaya kawai na iya ba ta, bai isa ba.

Warwatsuwa

Ekar-tip shi suka fi tsoro, sai ga shi ya zo da sauƙi fiye da mediyan. Na rubuta makin ɗalibai biyu, ɗaya 9, 10, 11, ɗayan 2, 10, 18, kowa mwayen 10. Na tambaya ko ɗaya suke. Suka ce a'a, na farko ka san abin da zai kawo gobe, na biyu sai Allah. Wani yaro da danginsa ke noman auduga a hanyar Pitowa ya ce haka damina take: shekara biyu za su iya zubar da ruwa daidai wa daida, amma wadda ta juye shi duka a Agusta ta bar Yuni a bushe ba ɗaya take da wadda ta raba shi ba. Muka sa masa suna ma'aunin warwatsuwa. Na ɗalibin farko ya fito 0,8, na biyu 6,5.

Sauran aikin tsari ne. A jadawalinmu aka ƙara layi ɗaya: ninka tsakiyar rukuni da kanta, sannan ka ninka da yawan mutane. Aka samu 150, 2700, 8125, 7350, 6075, jimla 24400. A raba da 40, 610. A ɗebe 22 sau 22, wato 484, saura 126, shi ne bariyans. Tushensa kusan minti 11,2. Kurakuran da suka yi ta dawowa biyu ne. Wasu sukan ninka tsakiyar da yawan mutane tukuna sannan su ninka sakamakon da kansa, lambar ta kumbura. Wasu kuma su tsaya a 126 su manta tushen. Ga na biyun tambaya ɗaya ta isa: tafiyar da mafi tsawonta ba ta kai minti 50 ba, za ta warwatsu da minti 126?

Kalkuleta ma ta zo da nata. Biyar ne kawai ke da ta hannu, sauran da waya suke yi a gida, kuma waya ba ta shiga zauren jarrabawa. Na aika wa iyaye tun mako na biyu a saya ko a aro, domin yaro ya saba da wadda zai shiga da ita. Sai ga batun waƙafi da ɗigo. A Faransanci 21,5 ake rubutawa, kalkuleta kuwa 21.5 take nunawa. Wayoyin da aka saita da Turancin Ingilishi, irin waɗanda ake shigowa da su ta Yola, suna nuna 24400 a matsayin 24,400, wata yarinya ta kwafe shi 24,4 ta samu bariyans ƙasa da sifili. Muka ƙara doka: bariyans ba ya taɓa sauka ƙasa da sifili, in ya sauka koma baya. Masu kalkuletar kimiyya kuma na nuna musu cewa tana ba da ma'aunin warwatsuwa iri biyu, wanda aka raba da yawan mutane cif da wanda aka raba da yawan a ɗebe ɗaya, kuma na farkon manhajarsu ke nufi. Duk da haka na hana su dogara da ita. Jadawali da hannu za a cika, ita ta duba aiki kawai, domin mai gyaran takarda matakai yake bi.

Inda na makara

A mako na shida na yi musu gwaji irin na ranar jarrabawa: agogo a gaba, ba magana, ba Hausa. Kashin farko ya yi kyau. Kashi na biyu ya nuna mini abin da yayan nan ya hango.

Tambayar da na shirya ta ce wata ƙungiyar manoma za ta samu tallafi idan aƙalla rabin membobinta sun girbe abin da bai kai wani adadi ba, ga jadawali, shin za ta samu? Ba inda aka ambaci mediyan ko tarin adadi. Yaro ne zai gano makamin da zai ɗauka. Wasu suka zauna suna kallon takarda. Wasu suka lissafa duk abin da suka iya, mwayen da bariyans da komai, ba su ce ƙungiyar za ta samu ko ba za ta samu ba. Waɗanda suka gano hanyar ma lamba tsirara suka ajiye, ba jimla ko ɗaya. Da na karɓi takardun na tambaye su da baki, sai ga bayani yana zuba da Hausa, daidai, har da hujja.

Laifin tsarina ne. Na gina fahimtar da Hausa na bar ta a can, ina zaton za ta haye zuwa Faransanci da kanta. Ba ta haye ba. Har yanzu ina kan ra'ayina cewa da Faransanci zalla na yi da ba su gane mwayen ba, amma ya kamata tun ranar farko kowace amsa ta ƙare da jimlar Faransanci a rubuce.

Makonni ukun da suka rage a kan wannan suka tafi. Kowace tambaya sai yaro ya faɗa wa na kusa da shi abin da ake nema da Hausa, ya yi lissafin, ya rubuta cikakkiyar jimla da Faransanci, ya karanta ta a fili. Muka tara jimloli kaɗan da za su riƙa ginawa a kai, irin "La moitié des élèves met moins de 21,5 minutes", wato tafiyar rabin ɗaliban ba ta kai minti 21,5 ba. Muka kuma koyi farautar kalmomin da ke nuna makami: inda aka ce rabi, mediyan ake nufi, inda aka ce wanne ya fi daidaito ko ya fi tabbas, warwatsuwa ake nufi. Da yake 'yan adabi ne, rubutun bai gagare su ba da suka san ana son sa. Da yawansu sun ɗauka a takardar lissafi ba a rubuta magana.

Waɗanda zaman ya kuɓuce wa

Ba kowa ya samu zama 18 ɗin ba. 'Yan matan sai sun koma gida kafin magariba, don haka zaman Laraba bai taɓa cika awa biyu ba. Ɗaya daga cikinsu mahaifiyarta ta haihu a watan Mayu, aikin gida ya koma kanta, ta daina zuwa. Na riƙa aika mata da tambayoyi ta hannun ƙawarta, tana maido da wasu. Wani yaro kuma yana koyon ɗinki a wurin kawunsa, ga Babbar Sallah ta faɗo a makon farko na Yuni, dab da jarrabawa. Tun tsakiyar Mayu ya ɓace. Na je shagon na samu kawun, na ce, "Alhaji, aron yaron nan na zo, safiyar Asabar kawai." Ya nuna mini tulin yadin da ke jiran sa, ya yi shiru, sannan ya ce ya ba ni zuwa azahar. Yaron ya zo Asabar biyu, yana gyangyaɗi a kan takarda saboda ɗinkin dare.

Abin da aka samu

Asabar ta ƙarshe na ba su tambaya mai kama da ta ranar farko, na haɗa da labari irin na kashi na biyu. Yara 12 suka zo. Dukansu sun samu mwayen, 10 sun kai ekar-tip daidai, 7 sun fitar da mediyan har ƙarshe, 5 sun rubuta amsar labarin cikakkiya da jimlolinta. A ranar farko uku ne kawai suka samu mwayen, ba wanda ya kai ƙarshen sauran.

Sakamakon probatuwar ya fito a cikin damina, wasu sun ci wasu sun faɗi. Ba zan jingina cin waɗanda suka ci ga zaurenmu ba. Jarrabawar darussa da yawa ce, lissafi ba shi ne mai nauyi ba a A4, ƙididdiga kuma yanki ce a cikinsa. Yara 14 sun yi kaɗan a yanke hukunci da su, kuma 'ya'yan iyayen da suka damu har suka nemi malami ne, ba a zaɓo su da ƙuri'a ba. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne takardun gwaji biyun da ke cikin jakata.

'Yar maƙwabcina ta haye tarminal. Yaron ɗinkin ya faɗi, yana maimaita piramiyar. Da aka koma makaranta na sake zuwa wurin kawunsa, muka yi magana tun da sauran lokaci, ya yarda da Laraba da Asabar har zuwa azumi. Wannan karon a watan Oktoba muka buɗe zauren, kuma jadawalin farko daga littafin awon shagonsu ya fito: tsawon riga na mutum 50, yaron ya kwafo da hannunsa, ya kasa su rukuni biyar, ya rubuta jimlar Faransanci a ƙarƙashin kowace amsa.